Tafiyar ƙafarmu ta tara jama'a fiye da ƙarfinmu: mu rufe ƙofa ko yaya?

Ɗan Malali ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa riƙe wata harkar jama'a da ba ta da ofis, ba ta da shugaba, kuma ba a biyan kowa ko sisi.

Mu wasu 'yan tsiraru ne a nan Kaduna da muka saba taka sayyada mai nisa. Ba zagayen Murtala Square da ake yi da safe don rage tumbi nake nufi ba, tafiya ce ta wuni guda, wani lokaci har da kwana. Mun faro ne bayan kullen korona na 2020, lokacin da zaman gida ya ishi kowa. A lokacin ko bas ɗaya ba za mu cika ba: akwai malaman makaranta, akwai wani dattijon tela daga Tudun Wada, akwai ma'aikatan asibiti daga Barnawa da Sabon Tasha, sai ni da nake sayar da kayan gini. Asabar muka zaɓa saboda ba ta taɓa Juma'ar wani ba, ba ta taɓa cocin wani ba. Wanda ya san yadda gada ta raba garin nan zai gane cewa haɗuwar mutumin Kawo da mutumin Sabon Tasha a kan tabarma ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne abin da na fi jin tsoron mu rasa.

Babbar tafiyarmu ta ƙarshen Disamba ce. Mukan tashi daga Kawo bayan sallar asuba, mu bi ta Rigachikun da Maraban Jos, mu kwana a wata firamare a wani ƙauye da ke gaba da Jaji, washegari mu ƙarasa Zariya. Kusan kilomita 80 ke nan a kwana 2. A gindin Dutsen Kufena, kusa da Wusasa, muke yada zango na ƙarshe: a dafa shayi, a sayo tsire, kowa ya cire takalmi ya nuna bororon da ya samu, da safe mai sauran ƙarfi ya hau dutsen. Shi ke nan taron namu. Ba jawabi, ba babban baƙo, ba lasifika.

To, wani daga cikinmu ya ɗora bidiyon hawan dutsen a TikTok, abin ya yi yawo. Zaurenmu na WhatsApp da a da nake iya kawo sunayen mutanensa da ka, yanzu ɗaruruwa ne, galibi ban taɓa ganin fuskarsu ba. A Disambar da ta wuce mutum sama da 100 ne suka hallara a Kawo. Wasu da silifa. Wata yarinya da jakar hannu kamar mai zuwa biki. Wani ya zo da ɗansa da bai wuce firamare ba. Kafin mu kai Maraban Jos layin ya miƙe, na gaba sun ba na baya tazarar da ta fi awa guda, ba wanda ya san adadin waɗanda suka sare suka hau mota. An tsayar da mu a shingen jami'an tsaro ana tambayar takarda da sunan shugaba, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. A makarantar da muke kwana ruwan da ke wurin bai ishe mu ba, ban ɗaki kuwa ba a magana. Da muka bar gindin Kufena, ledojin fiya wata da muka tsince sun cika buhuna, kuma na san ba mu tsince duka ba.

Ga maganar kuɗi. Karo-karon ruwa da burodi da motar da ke bin mu a baya duk ta asusuna suke bi. Da muna 'yan kaɗan ba wanda ya taɓa tambaya. Yanzu kuɗin sun yi kauri, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 hayar mota ta tashi, kuma na fara ganin saƙonnin "a kawo mana lissafi" daga mutanen da ban sani ba. Suna da gaskiyarsu, amma abin na sosa rai.

Sannan wani ɗan siyasa ya aiko yaransa: zai ba mu riguna da huluna da bas biyu, sharaɗi kawai hotonsa a bayan rigar.

Yanzu kanmu ya rabu uku. Tsofaffin hannu suna cewa a rufe zauren, a buɗe sabo na asiri, a koma yadda ake. Dattijon telan nan ma ya daina zuwa, ya ce shi tafiya ya zo yi ba kallon masu ɗaukar hoto ba. Matasa suna cewa a yi rajista, a sa kuɗin shiga, a buga riguna, abin ya zama babba. Wasu kuma suna cewa a bar shi yadda yake, Allah zai tsare. Ni rufe ƙofa ba ya kwanta mini, don ranar da na fara zuwa ba wanda ya tambaye ni ɗan gidan wa ne ni. Amma kuma idan wani ya faɗi ya mutu a gefen titin Zariya, lambar wayata ce a kan sanarwa. Me kuka gani?

Tsohon Soja na Mando ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, bari in fara da masu cewa Allah zai tsare. Gaskiya ne, amma an ce ko kana da kyau ka ƙara da wanka.

Abu na farko da ya tayar mini da hankali a bayaninka shi ne kalmar "sanarwa". Wato kuna buga rana da lokaci da hanya da wurin kwana a zauren da mutum ɗaruruwa suke, ba ku san su ba? A jihar nan? A Afaka, nan bayan gidana, aka kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji a Maris ɗin 2021. A Maris ɗin 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A Maris ɗin 2024 aka ɗebi yaran makaranta a Kuriga. Hanyar Zariya ta fi wasu hanyoyin sauƙi, na yarda, amma mutum 100 da suka gaji liƙis suna barci a aji mara ƙofa, kuma an san daren da za su kwana tun mako biyu kafin nan, wannan tayi ne. Infoma ɗaya ya isa. Wurin kwana kada ya fita daga bakin mutum 3 ko 4 sai ranar tafiya. Hoto da bidiyo kuma a ɗora bayan an dawo gida, ban da masu yin kai-tsaye a kan hanya.

Na biyu, jami'an da suka tsayar da ku aikinsu suka yi. Tun bayan abin da ya faru tsakanin sojoji da mabiya Sheikh Zakzaky a Zariya a Disambar 2015, da haramcin da gwamnatin jiha ta yi wa Harkar Musulunci a Oktoban 2016, duk wani gungun mutane da ke tafe a ƙasa a kan wannan titin da wani ido ake kallonsa. Ba ina maganar wa ke da gaskiya ba, ina gaya maka abin da mai bindiga a shinge yake tunani ne idan ya hango ku. Ƙari a kan haka kuna wucewa ta gaban barikin Jaji. Ku rubuta takarda ku kai wa DPO na kowane yanki da za ku ratsa, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi, ku sanar da 'yan kiyaye haɗurra. Ba sai kuna da rajista ba kafin ku yi wannan, sai dai sunan mutum da lambarsa.

Na uku shi ne ainihin amsar tambayarka. Matsalarku ba yawa ba ce, rashin masu jan ragama ce. Kakanninmu fatake sun riƙa zuwa Gwanja sayen goro da ayarin da ya ninka naku sau da yawa, tafiyar watanni, kuma suna dawowa. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da zango, yana da uban dawaki, yana da malamin ayari, kuma kowane mai gida shi ke lura da mutanensa da jakunansa. Ku ma haka za ku yi. Ku karkasa kanku kashi-kashi, kowane kashi mutum 10 zuwa 12, da tsohon hannu ɗaya a gaba, ɗaya a baya wanda ba ya wuce kowa ko da kuwa gurgu ne ke gabansa. A ƙirga kai a duk inda aka tsaya. Kashi ya tashi, a ba shi minti 15 kafin na gaba. A bi gefen hagu ana fuskantar motoci, layi ɗaya, kada a ga mutum a kan titi bayan magariba.

Daga nan lissafin ya zama mai sauƙi. Tsofaffin hannu nawa kake da su da za su yarda su ɗauki kashi? Raba su biyu, ka ninka da 12. Abin da ya fito shi ne iyakar mutanen da za ku iya ɗauka bana. Ba kai ka hana kowa ba.

Anti Nas, Barnawa, ta rubuta:

Baba Soja ya gama magana a kan tsaro, ba ni da abin ƙarawa. Amma Yaya Ɗan Malali, don Allah kada ku saurari masu cewa a buɗe zauren asiri. Na san yadda irin wannan ke ƙarewa: waɗanda za a bari a waje mata ne da yaran da ba su san kowa ba. Maza za su ji labari a majalisa ko a wurin mai shayi, mu kuwa sai mu ga hotuna.

Ni a ganina ƙofar da ta dace ita ce ƙafa. Duk mai son tafiyar Disamba ya fito tafiye-tafiyen Asabar tun daga Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke. A fara da gajere, daga Gamji Gate a bi bakin kogi, a riƙa ƙarawa, har a kai ga tafiyar wuni guda cur da jaka a baya. Wanda ya yi wannan ya san takalminsa, ya san cikinsa, ku ma kun san halinsa. Mai silifa da mai jakar biki ba sai an kore su ba: ko dai su sayi kambas da safa mai kauri su dawo, ko su gane da kansu cewa hoton Kufena suke so ba tafiyar ba. Ba laifi ba ne mutum ya so hoton. Ya hau mota ya same ku a can.

Mutane ba sa gane nauyin kilomita 40 a wuni. Lafiyayyen mutum yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, wato awa 8 zuwa 10 ƙafa na aiki, ban da hutu da salla da cin abinci, kuma gobe a maimaita da ƙafar da ta riga ta kumbura. Hunturu kuma mayaudari ne. Iska ta bushe, gumi na bushewa kafin ka gan shi, ba ka jin ƙishirwa, sai dai kawai ka ji kai na sarawa, jijiyar ƙafa ta ɗaure. Kowane kashi ya riƙe sinadarin ORS, in babu a haɗa na gida: ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kuma a tambayi kowa tun kafin ranar, a rubuce, ko yana da hawan jini, ciwon suga, asma ko sikila, da lambar wanda za a kira. Mai asma da ƙurar Disamba, in bai riƙo abin shaƙarsa ba kada ya taka ko nan da can. Na sha ganin masu ɓoye ciwo don kada a ce sun gaza, shi ya sa takardar ta kasance a hannun mutum ɗaya mai riƙe sirri, ba a zauren WhatsApp ba.

Abu ɗaya da maza ba sa lissafawa: ban ɗaki. Ku kuna juya baya a gindin bishiya ku gama. Mace takan ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama ta a fili, ita ce kuma za ta fara faɗuwa da la'asar. Ku tsara tsayawa a gidajen mai da masallatai da gidajen da aka roƙa tun da wuri, kuma kashin mata ya samu mace a gaba, mace a baya, da aji nasu daban mai ƙofa. Da yawa daga cikinmu sai an ga wannan tsarin a gida kafin a bar mu mu fito.

Yaron firamare kuwa, a ba babansa haƙuri.

Sabon Jini ya rubuta:

Ni ina cikin waɗanda suka zo ta TikTok ɗin, kuma na kai Kufena da ƙafata, ban hau mota ba. Gaskiya yadda wasu manyanku suke kallonmu ba daɗi. Ka gaishe da mutum ya amsa da hanci. Ba wanda ya gaya mana irin takalmin da za mu sa ko ruwan da za mu riƙe, sai da muka sha wuya aka fara ce mana 'yan hoto. Ledar ma da ake magana, wa ya kawo fiya watan? Ba ku kuka saya kuka raba mana ba? Ku ce kowa ya zo da gorarsa, a ɗora jarkoki a motar baya, magana ta ƙare. Kuma rigunan ɗan siyasar nan ni ban ga aibinsu ba, kuɗinmu ne dai yake dawo mana da su.

Lauyan Unguwar Rimi ya rubuta:

Malam Ɗan Malali, bari in taɓa ɓangaren takarda, don na ga matasanku sun ɗauka rajista magani ce.

Irin rajistar da ta dace da ku a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ita ce ta amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Za ku fitar da amintattu aƙalla 2, ku rubuta tsarin mulki, a buga sanarwa a jaridu 2, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan duk shekara ku riƙa miƙa rahoto. Abin da za ta ba ku shi ne asusun banki da sunan ƙungiya da takarda mai kan sarki da za ku nuna a shinge. Abin da ba za ta ba ku ba shi ne ƙarin rijiya a wurin kwana ko ƙarin masu tsaron baya. Kuma daga ranar da aka ce akwai kujerar ciyaman da ta ma'aji, za ka ga mutanen da ba su taɓa wuce Rigachikun a ƙasa ba sun fito takara. Shawarata kada ku yi gaggawa. Bana ku fitar da kuɗin daga hannunka kai kaɗai: mutum 2 su riƙe, na uku ya rubuta, a liƙa lissafin shiga da fita a zaure cikin mako guda da dawowa, har kuɗin goro. Wannan kariya ce gare ka kafin kowa.

Kuɗin shiga kuma ku yi hattara da shi. Karo-karo daban, tikiti daban. Wanda ya ba da karo-karo ɗan tafiya ne, zai ɗauki jarka. Wanda ya sayi tikiti ya zama kwastoma, zai tambayi ina katifarsa, kuma in wani abu ya same shi danginsa za su ce kun karɓi kuɗi kun ɗauki alhaki.

Wannan damuwar ba taku ba ce ku kaɗai. A Amurka akwai hanyar ƙafa da ta tashi daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, sama da kilomita 4,200. Da masu bin ta suka yi yawa sai aka ƙayyade mutum 50 a rana da za su tashi daga bakin iyakar kudu a lokacin da aka fi tururuwa. A Peru, tsohuwar hanyar Inka mai zuwa Machu Picchu mutum 500 ake bari a rana, har da 'yan dako da 'yan rakiya. Sai dai su hukuma ce ke ba da izini kuma tana da ikon hanawa. Kai ba ka da ikon hana ɗan Najeriya taka titin gwamnatin tarayya. Abin da ke hannunka uku ne: wurin kwanan da kuka roƙa, motar da kuka yi haya, da jerin sunayen da kuka kai wa 'yan sanda. A kan waɗannan za ka sa iyaka. Taron gindin dutse kuwa, wanda ake yi da rana kusa da gari, ka bar shi a buɗe.

Ɗan Gefen Titi ya rubuta:

Ranku ya daɗe, duk kun yi magana amma ba wanda ya tambayi masu masaukin. Ni a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kan wannan hanyar aka haife ni, ko da yake ba namu ne kuke kwana ba.

Famfon burtsatse ɗaya ne ko biyu a irin garuruwanmu, kuma da yamma mata da yara ke layi a kai. Baƙi 15 baƙi ne, za a ba su hanya da murna, har a aiko musu da tuwo. Baƙi 100 kuwa sun kwace famfon, ranar wasu gidajen da daddare za su ɗora girki. Ba wanda zai faɗa muku, don kunya, amma mai unguwa zai sha ƙorafi bayan kun tafi, kuma hedimastan da ya buɗe muku aji shi za a kira ofis in wani abu ya lalace. Disamba kuma lokacin kaka ne, dawa na tare a gona ba a kai gida ba, mutane a tsorace suke da baƙuwar fuska. Wanda ya ratsa gona don ya rage hanya ko ya karya rake ɗaya, a wurinku wasa ne, a wurin mai gonar ba wasa ba ne.

Ku je tun da wata guda, ku gai da mai unguwa da goronku, ku tambaye shi kai tsaye mutum nawa garin zai iya ɗauka. Abin da ya faɗa ku rage kaɗan, don zai ƙara muku saboda kara. Ku sanar da 'yan sintirin garin ta hannunsa, ku ba su na shayi. Kuma ku daina lodo burodi daga Kaduna. Ku ba matan garin kuɗi tun da wuri su yi muku tuwo da ƙosai da kunu. In garin ya ci riba da zuwanku, baɗi su za su kira ku.

Na Kufena kuma, a ja wa masu rubuta sunansu da fenti a jikin dutse kunne. Akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayen wurin, ga coci da asibitin Wusasa a kusa, ba wurin kiɗa da lasifika ba ne.

Ɗan Malali ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta kowace amsa fiye da sau ɗaya, kuma ga abin da zan kai wa mutanenmu ranar Asabar.

Zan ce a raba tafiya da taro. Tafiyar kwana 2 ta zama ta waɗanda suka fito atisayen Oktoba da Nuwamba, adadinsu kuma ya tsaya a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin lissafin Baba Soja da abin da mai unguwa ya ce. Na zauna na lissafa tsofaffin hannun da na tabbata za su yarda su tsaya a baya, sai na ga da ƙyar mu haɗa kashi 4. Wato ƙasa da rabin waɗanda suka zo bara. Za a yi surutu, na sani. Amma taron Kufena a buɗe yake ga kowa: mai zuwa da mota ya zo, mai son ya tare mu daga Dan Magaji a bakin Zariya ya taka 'yar ragowar tare da mu ya zo, a yi shayi a watse kafin magariba. Kwana a gindin dutse na masu tafiya ne kawai.

Ƙanena Sabon Jini, maganar gora da jarka ka yi gaskiya, an ɗauka. Kuma tun da ka kai da ƙafarka, ina so ka tsaya a bayan kashi ɗaya bana tare da wani babba, ka ga yadda ake yi, don ta haka ne kawai kashi 4 zai zama 6 baɗi. Sai dai ka sani mai tsaron baya ba ya samun hoto mai kyau, kullum ƙeyar mutane yake gani. Amma rigunan ɗan siyasa ban yarda ba. Tun 2015 da Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja don murnar cin zaɓen Buhari, duk wanda aka gani da jaka a gefen titi tambayar farko ita ce "wa kake yi wa tattaki?" Mun daɗe muna amsa cewa ba kowa. Ranar da muka sa hoton wani a baya, rabin mutanenmu na ƙetaren gada ko na wannan gefen za su zauna a gida, ya danganta da jam'iyyar mai hoton, kuma ƙauyen da ke ba mu aji zai fara lissafin ko nasu ne mu.

Barista, rajista za mu jinkirta, amma kuɗi daga wannan watan sun bar asusuna. A nan kaɗai nake da ja da kai: ka ce a yi hattara da kuɗin shiga, to amma akwai masu rubuta suna su ƙi zuwa, bara mun yi hayar mota da abinci da lissafinsu. Ina ganin duk wanda ya samu gurbi ya biya nasa kason tun da mako biyu, in ya fasa a ba na bayansa. Ɗalibai da marasa hali kuma mu da muke da ɗan abin hannu mu rufa musu ba tare da an sanar ba, yadda muka saba.

Anti, takardar lafiya ke za mu roƙa ki tsara mana ita, ki kuma riƙe. Abin da har yanzu ban san wanda zai yi ba shi ne gaya wa mutum ido da ido cewa bai shirya ba, alhali ya fito duk atisayen kuma yana ganin ya iya. Akwai wani bawan Allah mai kiɓa da ba ya fashi, kullum shi ne na ƙarshe, kullum da fara'arsa. Ina tunanin a ba shi rana ta biyu kawai, ya same mu da mota da asuba. In akwai mai dabarar da ta fi wannan ina saurare.

Dattijon tela zan je shagonsa da kaina. Ba zan ce ya dawo ba, zan ce muna neman jagaba ne, wanda zai riga kowa tashi da mutum biyu ya duba hanya, ba mai ɗaukarsa hoto.

Malam Ɗan Gefen Titi, in ba damuwa ka turo mini saƙo ta gefe. Muna so mu nemi zango na biyu a wani garin don kada nauyin ya riƙa faɗa wa wuri ɗaya duk shekara, kuma gara mu shiga ta hannun ɗan gari. Ka gaya mini ranar da ta fi dacewa a samu mai unguwa a gida, ban da ranar kasuwa.